Yamusa da Tanka Mai Lamba Huɗu

Shekara ashirin da shida Malam Yamusa ya yi yana gyaran injin dizal a wani kamfanin sayar da ruwa a Idu. Bazazzagi ne, ya zo Abuja tun Idun tana jeji. Bai yi boko ba. Kunne gare shi da hannu, da kuma wata al'ada tasa: duk wani kan injin da aka kai aka aske wa fuska, wato aka kankare shi ya daidaita, sai ya sa ƙusa da guduma ya buga masa ɗigo a gefe. Biyu ne iyaka. Bayan nan ƙarfen ya yi siriri, sai jefarwa.

Wata Talata da azahar tanka mai lamba huɗu ta ɗauki zafi a hanyar Garki. Direbanta, Israel, ya ga tururi a gabansa, ga ruwa cike da tanki a bayansa, sai ya ɗebo bokiti ya antaya wa lagireto. Janyo ta aka yi zuwa gareji.

Yamusa ya kwance kan injin, ya wanke shi da kananzir, ya kife shi a kan wani gilashi mai kauri da yake ajiyewa don wannan aikin. Ya zura reza a tsakani, ta shige salin alin. Ƙarfen ya banƙare. Ya shafa gefensa da yatsa, ya ji ɗigo biyu.

"Oga, wannan ya gama aiki," ya ce wa manaja, Mista Godfrey. "Sabo za a saya."

"Baba, kai ma ka gama aiki, amma ga ka nan," in ji Godfrey yana dariya. "A kai a aske. Jibi motar za ta fita."

"Na dai faɗa maka."

"Na ji. Injiniya, rubuta."

Injiniyan shi ne Hafizu, wanda ya yi shekara biyu yana yawo da takardun digiri kafin ya samu wannan kujerar, wata huɗu ke nan, ba a ma tabbatar da shi ba. Yana tsaye, ya ji komai. A katin aiki ya rubuta cewa an aske kan inji, an sa sabon gasket mai hana yoyo, makanike Yamusa.

Da aka dawo da ƙarfen, Yamusa ya ɗaura shi kamar na motarsa. Ya matse notunan daga tsakiya zuwa waje, zagaye uku, yana sauraren kowanne. Motar ta fita jibin.

Kwana goma sha tara ta yi. Kan ya tsage, ruwa ya haɗu da mai, injin ya buga gaba ɗaya. Hajiya mai kamfanin ta zo da kanta daga Maitama, aka tara su a ofis.

"Ranki ya daɗe, na faɗa wa Oga kada a aske," in ji Yamusa.

"Ina ka rubuta?" Godfrey ya tambaya.

Hajiya ta juya ga Hafizu. "Kai kana wurin. Me aka yi?"

Yamusa bai ko ɗaga kai ba, don a ransa magana ta ƙare, ga shaida. Hafizu ya dubi katin aikin da ke hannunsa.

"Abin da ke cikin kati ke nan, ranki ya daɗe."

A ranar aka sallami Yamusa. A bakin get, maigadin da suka shekara goma suna cin abinci kwano ɗaya ya zazzage jakar kayan aikinsa a ƙasa, yana duba ko akwai sifana ta kamfani. Labari kuwa ya riga shi zuwa sauran garejojin Idu: tsohon ya kashe inji.

Yanzu yana Jikwoyi, a wata rumfar kwano kusa da gidan da yake haya, yana gyaran injinan markaɗe. Wata Asabar Hafizu ya zo, ya tsaya a bakin rumfar, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Baba, na zo ne in ce..."

"An tabbatar da kai a aikin, Injiniya?"

"An tabbatar."

"To, madalla. Ɗan matsa, ka tare mini haske."

Hafizu ya matsa. Iyatu mai ƙosai tana zaune a benci da bokitin wakenta, tana mitar rana ta yi. Yamusa ya naɗa igiya, ya ja, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake naɗawa.