Abin da Ya Sami Delu Kafin Aljani

Muna fitowa daga sinima a titin Wendover, a nan ƙasar waje inda muke zaune, mijina Sani ya ce an ɓata masa lokaci. Fim ne da aka yi don a nuna asalin aljanin da ya shiga wata yarinya a wani tsohon fim da ya hana mutane barci a zamaninsa. "Na farkon shi ne fim," in ji shi. "Wannan ko gashin jikina bai tashi ba." Ni kuwa kakata ce ta faɗo mini a rai.

Ina 'yar shekara tara kakata Hajiya Asabe ta zo daga Katsina ta zauna da mu a High Point Road, kafin a canja wa titin suna. Sanyin nan ya dame ta ƙwarai. Bayan magariba sai ta ja 'yar hita mai ɗumama ɗaki gabanta, ta miƙe ƙafafu, ni da ƙanwata Hadiza mu lafe a jikinta. Labarin da muka fi roƙo shi ne na Delu, wata mata a unguwarsu da aljani ya shige ta. Muryarta ta koma ta ƙato, maza huɗu suka kasa riƙe ta, sai da malam ya kwana uku yana karatu a kanta. Idan Hajiya ta kwaikwayi muryar, Hadiza takan cusa kai cikin mayafinta tana ihu, amma gobe ita ce za ta fara cewa a sake.

Wata rana na ce, "Hajiya, ta ina ya shige ta?"

Ta daɗe tana murza carbi kafin ta amsa. Ta ce jaririn Delu ne ya rasu. Aka yi zaman makoki, aka ce ta yi haƙuri, kowa ya koma harkarsa. Wata bakwai tana fita ta zauna a gindin tsamiya, ba ta kitso, ba ta zuwa biki.

"Wannan ba tsoro a ciki," in ji Hadiza.

"Akwai," Hajiya ta ce. "Kullum ta gabanta nake wucewa da tuluna. Ko sau ɗaya ban tsaya ba."

Ba mu sake roƙon wannan ɓangaren ba. Na aljanin muke so.

Bara Hadiza ta haihu a McLeansville, gida ba maƙwabta kusa, mijinta yana tuƙin babbar mota, yakan yi makonni a hanya. Ta daina ɗaukar waya. Wata antinmu ta ce an hango ta ta taga tana magana da bango, a nemo mai ruƙiyya. Na ce a nemo, amma ban jira ba. Na bar aiki tsakar rana na kama hanya. Na same ta zaune a ƙasa, jaririya na kuka a gado. Ta dube ni ta ce, "Yaya, kwana goma sha ɗaya ban ji muryar babban mutum a ɗakin nan ba."

Malam ya yi addu'a, likita ya ba da magani, ni kuma na yi sati uku a falonta.

A mota, muna komawa gida daga sinima, na ce wa Sani gaskiyarsa ne, na farkon ya fi ban tsoro. Hajiya ma ta san wanda ya fi daɗin ji cikin labaran Delu biyu, ta kuma san na biyun ba zai ƙara mata daraja a idonmu ba, amma ta faɗa mana. Allah Ya kai haske kabarinta. Ranar Asabar 'yar Hadiza ta fara tafiya, kuma uwarta ce ta kira ni da kanta tana dariya.