Bututun da Mai Famfo Yake Busawa

A layinmu an san Mai Famfo da iya aiki, an kuma san shi da gyangyaɗi. Kakkauran mutum ne mai gajeren wuya da sanyin magana. Za ka kira shi gyara, ya cusa kai ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, can sai ka ji shiru. In ka leƙa, ga sufana a hannunsa, barci ya yi gaba da shi.

Wasu na cewa lalaci ne, amma matarsa ta san ba haka ba ne. Yana tsakiyar minshari sai numfashinsa ya ɗauke ɗif, ta zuba wa ƙirjinsa ido tana salati, har sai ya zabura ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe ya tashi da ciwon kai, baki a bushe.

Ita ta matsa masa suka je asibiti. Likitar ta ce naman maƙogwaronsa ne ke saki in ya yi barci, ya toshe hanyar iska. An gwada masa na'urar da ake ɗaurawa a hanci, ya kasa jurewa. Sai likitar ta ce ya rage ƙiba, ya riƙa kwanciya ta gefe.

"Akwai kuma waɗanda busa dogon bututu ke taimaka wa," in ji ta. "Yana ƙarfafa naman wurin. Amma ban yi maka alkawari ba."

"Busa kuma, Likita? Da furfurata?"

"Haba Malam," matarsa ta ce, "ai ka daɗe kana busa, kai ne dai ba ka jin kanka. Tambayi maƙwabta."

Bai je neman abin busa a kasuwa ba. Ya shiga shagonsa ya yanko farin bututun roba daidai tsayinsa, ya goge bakin, ya shafe shi da kakin kyandir don kada ya yanki leɓe. Da yamma in ya tashi aiki sai ya hau saman bene, ya zauna kusa da tankin ruwa.

Farkon abin ba daɗin ji. Telan da ke ƙasan benen ya leƙo yana tambayar wa ya hau da saniya sama. Abin da ya fi ba Mai Famfo wuya shi ne jan iska ta hanci alhali kumatu na ci gaba da turawa, don kada sautin ya yanke. Sai da ya yi ta koyo da siririn bututu a kofin ruwa, yana ƙwarewa yana tari, 'ya'yansa na dariya.

Wata yamma kawai sai sautin ya miƙe bai yanke ba. Ƙasa-ƙasa yake fita, mai kauri, yana jin sa a haƙoransa da ƙashin ƙirjinsa. Tufafin shanya na kaɗawa a hankali, tattabaru suka sauka a kan tankin ba su tashi ba. Ya lumshe ido. Sai ya ji kamar duk bututun da ya taɓa binnewa a gidajen mutane yana amsa masa daga ƙarƙashin ƙasa, gida bayan gida, har inda gari ya ƙare. Da ya buɗe ido rana ta yi ja.

Watanni suka shuɗe. Minsharin bai tafi duka ba, yana kuma komawa wurin likita, amma ɗaukewar numfashin ta ragu sosai, ya daina barci a wurin aiki.

Wata safiya matarsa ta shigo ɗaki ta same shi zaune a bakin gado yana murmushi shi kaɗai.

"Lafiya, Malam?"

"Mafarki na yi. Kin san rabona da mafarki har na manta?"

Ya ce ya ga kansa yana tafiya cikin wani bututu mai faɗin titi, ruwa garai-garai har gwiwa, haske na saukowa ba a san daga ina ba. A wata kwana ya tarar da marigayi mahaifinsa, wanda ya koya masa sana'ar, a tsugune yana ɗaure wani abu.

"Me Baba ya ce maka?"

"Ko ɗagowa bai yi ba. Cewa ya yi, riƙe mini fitila, kana tare mini haske."

Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane. Ranar bai buɗe shago da wuri ba. Ya daɗe zaune a wurin, yana lalubo sauran mafarkin.