Man Keke a Yatsan Baba Ummaru

Ina kan keken ɗinki ina kafa wuyan wata riga, bayan La'asar, waya ta yi ƙara. Bello ne, ƙanen Baba Ummaru, daga asibiti a Birnin Kebbi. Ya ce, "Nasiru, sai haƙuri. Maigidanka ya cika." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye wayar, na ƙarasa wuyan rigar, na yanke zare. Har yau ban san abin da ya sa na ƙarasa ba.

Baba Ummaru Jandutsi tela ne a kasuwar Jega tun kafin a haife ni. A hannunsa na koyi ɗinki. Da na yi keken kaina bai bar ni na tashi ba, ya matsar da teburinsa ya ba ni gefen taga. Ba shi da faɗa. In ɗinkinka ya karkace, sai ya juya rigar ya duba cikinta, ya miƙo maka reza ya ce, "Warware, ɗana. Wajen na mai riga ne, cikin shi ne naka."

Manoman albasa na Aliero yakan ninka musu aljihu ba tare da sun ce ba, don ya san wuƙa suke sawa a ciki. Tsofaffi kuwa ba ya tsayar da su awo. Suna gaisawa yana auna su da ido, kuma ban taɓa ganin an dawo da rigar ba.

Ana saura kwana tara Babbar Sallah aka ɗauke wuta. Yana gyara zare, ƙafarsa na kan matakin keken lantarki, sai wutar ta dawo. Allura ta shiga ta farcensa ta karye a ciki. Shi da kansa ya zare guntun da filaya, ya ce, "Miƙo man keke."

Haka muke yi. Duk telan da allura ta soka, man keke ake ɗiga masa, a ɗaure da ƙyalle, ya koma aiki. Ni na ɗiga masa, ni na tsinci ƙyallen shadda a ƙasa na ɗaure. Na ce, "Baba, ko mu tai asibiti a duba?"

Ya nuna rigunan da ke rataye. "Waɗanga fa, wa za shi ɗinka su? Wanga hannu ya sha allura fiye da shekarunka."

Ban sake faɗa ba.

Washegarin Sallah aka kawo masa nama, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Daga nan wuya ya sandare. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce ƙwayar cuta ce ta bi raunin, da an wanke shi an yi rigakafi a ranar, da wuya ya kai haka. Ya tambayi abin da aka sa. Na ce man keke ne, kuma ni na sa.

Wajen ta'aziyya na durƙusa gaban Inna Hadiza, matarsa, na gaya mata duka. Sai ta ce, "Da ba ka ɗiga ba, da ya ɗiga da kainai. Tashi ka ci abinci." Na tashi na ci. Ban ji ɗanɗanonsa ba.

Makon jiya Habu ɗan Maiyama, telan shagon da ke jikin namu, ya shigo riƙe da yatsa, jini na bin gwiwar hannunsa. Ya ce allura ce ta soke shi, man kekensu kuma ya ƙare, in ɗiga masa namu. Kwalbar man na nan inda Baba ya bar ta. Na ɗauki makullin babur.

"Haba Nasiru, don wanga ɗan abu?"

Na ce, "Hau, mu tai asibiti."

Allah Ya jiƙan Baba Ummaru, Ya yafe masa, Ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Inna Hadiza da 'ya'yansa biyar haƙuri, Ya tsare musu bayansa. Ni kuma Allah Ya yafe mini shirun da na yi. Amin.