Ɗakin da Kaka Ta Jira

A ƙauyenmu, can bayan Kuyello, tatsuniya ba kyauta ba ce. Bayan sallar isha'i Kaka Ladi, mahaifiyar babanmu, za ta tura mana kwandon masara mu ɓare, ita tana iza wuta da totuwa. Hannu ya tsaya, baki ya tsaya.

Wadda na fi so ita ce ta zanzaro. Wai ya gaji da kwana a waje, ya tafi wurin gara koyon gini. Duk sanda ya ce ya iya, sai gara ta ce saura kaɗan. Yunwa ta tsuke masa ƙugu. Ran da aka sallame shi ya dawo, ya tarar danginsa sun watse. "Shi ya sa har yau yake liƙa ɗakinsa a bangon wasu," in ji Kaka.

Ni lokacin kullum ina ƙasa ina gina ɗakunan laka. Sai ta riƙa tsokanata: "Mai gidana, kai za ka yi mini ɗaki. Wanda ba ya yoyo nake so."

Wasa ya zama gaske. Na yi sakandare a Birnin Gwari, na dage da lissafi da zane, na samu gurbin karatun zanen gine-gine a Zariya. Damina ta fara cin ɗakin Kaka. Baba ya kawo magina, ta kore su.

"Jikana na can yana karanta gini, wa zai taɓa mini bango?"

Na roƙe ta ta bari a gyara, ta ƙi. Kwano take tarawa inda ruwa ke ɗiga. Duk hutu sai ta tambaye ni, "An sallame ka?" In ce saura kaɗan. Digiri na farko, yajin aiki ya ja shi kamar danƙo. Aka ce sai na biyu. Sai bautar ƙasa, sai zama ƙarƙashin wani ƙwararre ina zane yana sa hannu, sai jarrabawar samun hatimi. Ko kuɗin bulo ban taɓa tarawa ba.

Kafin hatimin ya zo, 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu. Kaka ta ƙare a ɗakin haya a Birnin Gwari, su takwas a ciki, shi ma yana yoyo.

Da ina yaro dariya nake yi wa zanzaro. Yanzu ina Kaduna ina zana wa manya benaye masu doguwar katanga, kuma wallahi haushi nake ji duk sanda na buga hatimin nan. Ran da Kaka ta rasu, masu haƙa kabari suka ce a kawo awo. Baba ya miƙo mini karan dawa ya ce, "Kai ne mai gininta." Na durƙusa na auna tsawonta, na karya karan, na kai musu.