Ƙwaryar Inna Ta Je Miga

Mun tashi da asuba daga Haɗeja, ni da maƙwabciyata da mijinta mai jaki, za mu Miga sunan jikata. Ni da ko kasuwa sai an ja ni! Amma duk jaririn gidanmu a ƙwaryar marigayiya Inna ake masa wankan suna, kuma ba mai kai ta sai ni.

Ƙwaryar ta tsage bara. Na narka dankon kaɗanya da ƙaron maje na liƙe. Danko zalla taushi gare shi, ƙaro zalla fashewa yake, sai an gauraya suke riƙe juna. Na cika ta da shinkafa, aka ɗaure kan jaki.

Maƙwabciyata ta ce, “Yaya, ga tasa fal a kantin Turawa, kina yawo da gawa?”

Na ce, “Tasar ta san kakanki?”

Da sanyin safiya liƙin kamar dutse. Muka bi gefen fadama, muka sha furar kwabo wadda ruwanta ya fi gerinta. Rana na take tsaka sai ga kajin wani ƙauye suna bin jakinmu kamar ’yan rakiya. Ashe zafi ya sassauta liƙin, nauyin shinkafa da matsin igiya suka buɗe tsagar, shinkafa na ta zuba a hanya. Mai jaki ya yi dariya har rawaninsa ya warware.

A mashaya na juye shinkafar a mayafina, na danne liƙin da babban yatsa tun yana da taushi, na tsoma ƙwaryar a kogi. Nan take ya ƙame. Daga nan a kaina ta tafi, fanko, ƙarƙashin zane mai laima.

Mun kwana a hanya, muka isa ranar suna. Ina sauke ƙwaryar sai ga ungozoma ta ɗauko tafasasshen ruwa za ta sheƙa a ciki. Na riƙe hannunta: “Baba, surka shi! Ba kaza za mu fige ba.” Aka surka, aka wanke yarinya tsaf, ko ɗigo bai sauka ba.

Mun dawo gida lafiya, ƙafafuna kamar turmi. Abin da na koyo, liƙin nan ba ya son zafi da nauyi su haɗu masa, kamar ni. Maƙwabciyata kuwa, jiya tasarta ta huje. Ta aiko wai ko da sauran danko.