Robar da Aka Tono Don Baƙuwa

Har yau ban manta da ranar da mai duba makarantu ta zo mana ba. Ina aji biyu na sakandare a unguwar Harra ta Gabas, kuma ni ce shugabar ƙungiyar kimiyya, muƙamin da na samu saboda ban iya cewa a'a ba.

Bututun da ke kai ruwa wurin alwalarmu bai fi taƙi ɗaya a ƙasa ba, domin dutsen Harra ba ya haƙuwa. Da azahar ruwan kamar na shayi yake fitowa. Na ba da shawarar a naɗe bututun da robar tsofaffin tayoyi, a mayar da ƙasa a rufe. Ammu Sale mai gyaran famfo ya yi aikin ranar Asabar. Ranar Lahadi da aka koma makaranta muka yi alwala ba wadda ta yi ihu. Aikin da nake fatan kaiwa gasar makarantun birni ke nan, idan mai dubawa ta sa hannu.

Ana gobe za ta zo, shugabar makaranta, Abla Nafisa, ta kira ni.

"Ke yarinyar kimiyya, ina robar?"

"Tana ƙasa, Abla."

"Masha Allah! To ƙasa baƙuwar za ta ɗauka a hoto?"

Na buɗe baki in ce baƙar roba zafin rana take sha, sai na ga tana murza zobenta, alamar an gama magana. Na ce, "Tayyib," wato to.

Bayan an tashi, Ammu Sale ya tono bututun, aka goge robar har tana ƙyalli. Mai gadi ta ce Ammu Sale ya tambaya ko a kunna wa robar fitila ma.

Baƙuwa ta iso ana kiran azahar. Aka yi hotuna. Abla ta bayyana yadda dabarar ta faɗo mata bayan dogon tunani. Sai baƙuwar ta naɗe hannun riga, ta buɗe famfo, ruwan ya ƙona mata hannu.

"Ya sattar! Aikin wane ne wannan?"

Nan take Abla ta faɗi sunana cikakke, har da na kakana.

Ban je gasar ba. An sake binne bututun shiru, ba hoto. Abin da na koya shi ne, a aikin ruwa gyara mai kyau ba a ganinsa, shi ya sa manya ba sa jurewa su bar shi a ƙasa.