Duwatsun Hammadu Goma Sha Biyu

Ƙasar Katagum yashi ce, wanda ke neman dutsen da zai jefi kare ma sai ya sha yawo. Shi ya sa duk matar da ta yi niƙa a Azare a wancan zamani ta san Kawu Zarami, mai kawo duwatsun niƙa a kan jakuna tun daga tsaunukan Biu.

Gajere ne, mai faɗa kamar zakara, kuma in ya fara zancen dutse har tuwonsa ya huce bai sani ba. A wurinsa dutsen Biu iri uku ne. Akwai baƙi sumul, mai nauyin tsiya, wanda in aka ƙwanƙwasa yake amsawa kamar ƙarfe; wannan santsi yake yi da wuri, sai dai a yi maƙodi da shi, abin da ake sassara fuskar dutsen niƙa da shi in ta goge. Akwai baƙi mai ƙananan ƙofofi kamar cikin waina, shi ne sarki, yana cin gero, gero ba ya cinsa. Sai ja mai kumfa, marar nauyi, wanda ke amsawa buf, ya riƙa zuba tsakuwa a gari. Wani Bature da ya zo duba rijiyoyi ya taɓa gaya masa dukansu wuta ce ta amayo su daga cikin ƙasa, bambancinsu yadda kowanne ya huce ne. Zarami ya ce ai wannan ko matarsa Yakaka ta sani, dutse ma dafuwa ne, akwai wanda ya nuna akwai wanda ya kumbura kawai.

Ba ya sallama dutse sai ya ɗaga shi, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Shekara talatin ba a taɓa tauna tsakuwa a tuwon da aka niƙa a dutsensa ba, har mata suka sa masa suna Babu Ƙasa. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da ɗa. Wannan sunan shi ne duk abin da ya tara.

Da yana ta fara rufe masa ido, sai tafiya ta koma hannun Hammadu, abokin hanyarsa tun suna samari, wanda ya taɓa goyo shi ya haye da shi kogin Gongola yana zazzaɓi. Shekarar da aka gama yaƙin Turawa, Hammadu ya dawo da wuri ƙwarai, da duwatsu goma sha biyu baƙaƙe wuluk. Shi da kansa ya sauke su, bai bari Zarami ya ɗaga ko ɗaya ba. Zarami ya laluba ya ɗauko maƙodinsa.

"Haba Zarami," in ji Hammadu, "ni ma sai ka ƙwanƙwasa mini?"

Kunya ta kama tsoho. Ya za a yi ka gwada kayan mutumin da ya goya ka a ruwa, a gaban idonsa? Ya mayar da maƙodi aljihu. Mata suka zo, suka tambaya, ya ce da bakinsa mai ƙofofi ne, su ɗauka.

Ba a yi wata biyu ba. Wata safiya Yakaka ta fita shara, ta dawo ta kama hannunsa ta kai shi ƙofar gida. Duwatsu goma sha biyu a jere a bakin zaure. Babu wadda ta tsaya ta zage shi, kuma da zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Ɗaya daga ciki har daga garin Katagum aka ɗauko shi.

Ya durƙusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Buf. Buf. Ya shafa fuskar da niƙa ta cinye, ya shinshina yatsunsa: gawayi da man gyaɗa. Ja mai kumfa ne, irin wanda ake tsinta a gindin tsauni ba tare da an hau ba, aka shafe shi ya yi baƙi. Zarami ya yi kuka a nan bakin hanya, bai damu da masu wucewa ba.

Daga ranar bai ƙara sayar da dutse ba. Ya koma bin gidaje yana yi wa mata ƙodar duwatsun niƙa, ana kiransa Kawu kawai.

Bayan shekara Hammadu ya zo, ya yi sallama, ya zauna yana ta rantsuwa cewa shi ma cutarsa aka yi. Zarami ya karkata kai yadda yake yi wa dutse, ya bar shi ya kai ƙarshe.

"Ba duwatsun ne suka fi ci mini rai ba, Hammadu," ya ce. "Ranar da ka ce kar in ƙwanƙwasa, na ji yadda muryarka ta amsa. Na ji sarai. Na mayar da maƙodi aljihu."

Ya laluba sandarsa ya shige gida, ya ce wa Yakaka ta kai wa baƙo ruwa.